Mazarƙwaila a Tankin Tarwada

Tarwada ba ta san banɗaki ba. Inda ta ci nan take kasayarwa, nan take kwana, nan kuma take wankanta. A gulbi wannan bai dami kowa ba, don Rima ba ta tsayawa jiran mutum, abin da kifi ya zubar a Sabon Birni kafin a jima ya kama hanyar Goronyo. Amma a tankin roba mai cin lita 1000 da ke jingine da katangar gidan malamin makaranta, ƙazanta ba ta da wurin zuwa sai in ka ɗauke ta da hannunka. Masu cewa abinci ne ke cinye kuɗin mai kiwon kifi gaskiya suka faɗa, sai dai ruwa ne ke hana shi barci.

Ni na shiga harkar ne a shekarun da zuwa gonar nesa ya zama sai da kalmar shahada a baki. Kowa a ƙasar Gobir, daga nan har Isa, ya koma neman sana'ar da za a yi cikin gida a kulle ƙofa. Wasu suka kama kaji, wasu ɗinki. Ni da nake koyar da lissafi na duba na ga kaji aikin kowa ne, na sayi tanki da 'ya'yan tarwada ɗari da 'yan kai. Daga baya wani tsohon masunci ya ƙara mini 'yan karfasa kyauta, na zuba su ciki don ado.

Suna ƙanana ba su da laifi. Da suka fara ƙiba sai ruwan ya soma baƙi da wari tun kafin ya kwana biyu. Ka zubar, ka kira 'yan garuwa su cika, su karɓi kuɗinsu, jibi ka sake kiransu. Ruwan da na zubar kuma ta rariya yake bi ya kwanta a lungu, daidai inda mutane ke bi zuwa masallaci. Ba wanda ya ce mini uffan, amma na lura gaisuwar maƙwabta ta rage tsawo.

Wani ɗan yayana mai karatu a Sakkwato ne ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne a falonsa, gabansa akwatin gilashi cike da ruwan teku, ciki murjani ne mai rai, kore da shuɗi da ja, yana rangaji. Ashe murjanin nan da kakanninmu mata ke ratayawa a wuya ƙashin wata dabba ce ta teku, kuma 'yan uwanta ne mutane a Jamus da Amurka ke kiwo a ɗaka. Suna haɗa ruwan da kansu, gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, su tsare zafinsa a wajen digiri 25, zafin da mu nan a watan Afrilu ko cikin randa ba ka samunsa. Murjani ya saba da ruwa garau wanda ba taki a cikinsa. Da zarar kashin kifi da ragowar abinci sun tara sinadaran naitiret da fosfet, sai gansakuka ta samu abinci ta lulluɓe shi ya mutu.

Sai na ga Baturen ya ɗauko kwalbar giyar nan da ake kira bodka, ya zuƙa da sirinji, ya ɗiga a ruwan. Na ce wa yaron ya mayar baya in sake gani. Bayanin da ya yi mai sauƙi ne. A kowane ruwa akwai bakteriya, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, kuma jikinsu da kabon da naitirojin da fosforas ake gina shi. A akwatin kifi naitirojin ya yi yawa, kabon ɗin da za su iya ci ne ya yi ƙaranci, shi ya sa ba sa yaɗuwa. In ka ba su kabon, ko na giya, ko na ruwan khal, ko na sukari, sai su hayayyafa, su kwashe takin da ke cikin ruwan su gina jikinsu da shi. Daga nan wani inji mai tayar da kumfa ya tattaro su cikin wani kofi, mai akwatin ya je ya zubar. Gayya ce dai: ka kira mutane su nome maka gona, kai naka dama fura. Abin da ake farawa da shi ma bai taka kara ya karya ba, mililita 0.1 a rana ga kimanin lita 100, wato ɗigo biyu.

A daren nan ban yi barci da wuri ba. Ɗigo biyu! Ni kuma ina nan ina yi wa 'yan garuwa albashi.

Bodka dai ba ta cikin lissafi. Jihar Sakkwato na da dokar Shari'a tun shekarar 2000, kuma ko da mutum ya samo ta daga tsallaken iyaka, wane alƙali ne zai yarda in ka ce ta kifi ce? Na ci gaba da tono a intanet har na gano ashe masu kiwon kifin ci ma suna da irin wannan dabara, suna kiranta bayofulok, kuma ta bazu a Indiya da Indunusiya. Wani farfesa ne na jami'ar Technion da ke Haifa, Yoram Avnimelech, ya fitar da lissafinta dalla-dalla a 1999: kusan giram 20 na abu mai sitaci ko sukari ke sa bakteriya su shanye giram 1 na naitirojin ɗin amoniya, gubar da kifi ke fitarwa ta mashaƙarsa. Su ba sa ma zubar da bakteriyar. Barinta suke ta dunƙule ta zama gudaji-gudaji, kifin ya cinye abinsa, ya zama an rage canjin ruwa an kuma rage kuɗin abinci. Na samu wani Ba'indiye da ya yi bayani a bidiyo kashi biyu. Na sauke kashi na farko a wayata da niyyar in sauke na biyu in albashi ya shigo.

Albashi bai riga ya shigo ba aka katse layukan waya. Wannan a Satumbar 2021 ne, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Sabon Birni da Isa. Kafin nan an rufe hanyar Isa zuwa Marnona, an hana sayar da fetur a jarka. Mutane na cikin abin da ya fi kifi muhimmanci, kowa ya sani. Ni dai na zauna da rabin ilmi a aljihu, ina ganin ya ishe ni, tunda rabin da ke da lissafi ne ya faɗo hannuna.

Kuma lissafin nawa har gobe ba wanda ya isa ya ce akwai gyara a ciki. Kifayen na cin kusan kilo 1 a rana. Buhun abincin ya ce furotin kashi 40 cikin 100, wato giram 400. Naitirojin kashi 16 cikin 100 ne na furotin, ya ba ka giram 64. Ka ɗauka rabinsa na komawa ruwa a matsayin amoniya, saura 32. Ka ninka sau 20, giram 640. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar yadda nake koya wa yara. A bidiyon na ga ruwan tankin Ba'indiyen na ta ɓulɓula da kumfa ta ko'ina, amma na ɗauka ƙawa ce irin ta masu son a kalli bidiyonsu.

Shi Ba'indiyen da baƙin ruwan raken da ke saura a masana'antar sukari yake amfani. Mu ba mu da shi, amma muna da mazarƙwaila, kuma uwargida na da kwalla guda cike da curinta a ƙarƙashin gado, jarin kunun zaƙin da take sayarwa. Na jira ta tafi barkar haihuwa. Na ɗebo, na kai wa mai shago ya ɗora mini a sikeli, na jiƙa a bokiti na dama da hannuna.

Ina cikin damawa sai ga Bayaraben da ke gyara janareto a bakin kasuwa ya shigo karɓar bashinsa. Mu Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ba ya ganina bai kira ni bawansa ba, ni ma haka. Ɗan uwansa na kiwon tarwada a Ijebu-Ode, inda ake da tafkunan kifi birjik, don haka yana ji da kansa a wannan fage.

"Bawana, shayi za ka haɗa musu? Ina madarar?"

Na yi masa bayanin kabon da naitirojin a tsanake, har da sunan farfesa. Ya leƙa tankin, ya zagaya bayansa, ya duƙa ya duba ƙasa.

"Ina injin iska?"

Na ce tarwada ba ta bukatar inji, ai kowa ya san tana ɗago kai ta shaƙi iskar sama, Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai don haka, shi ya sa take kai labari a kwatamin fadama har tsakiyar rani. Ya ce to karfasar fa? Na ce Bayarabe bai isa ya koya wa jikan Bawa Jan Gwarzo zaman ruwa ba. Ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce in kifin sun mutu a aiko masa da kawunan, ya tafi ko bashin bai karɓa ba.

Na tuttula. Ruwan ya yi launin shayi. Washegari na ga warin ya ragu, ko kuma hancina ne ya goyi bayana, sai na sake tuttula wani bokitin, tunda lissafin na kullum ne. Ƙudan zuma suka gano gidan. Tururuwa ta ja layi daga bakin zaure har gindin tanki. Akuyar uwargida, wadda ba ta taɓa kallon tankin ba, ta koma kwana a gefensa tana lasar inda ya ɗiga. Da yamma ruwan ya tashi daga launin shayi ya koma fari-fari mai kauri, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Na kira yara na nuna musu, na ce ga 'yan gayya nan sun iso.

Cikin dare ƙarar ta tashe ni, wani irin cakal-cakal ba ƙaƙƙautawa. Na haska tocila. Duk tarwadar sun taso sama sun tsaya a tsaye, wutsiya ƙasa, baki a buɗe a saman ruwa, gashin bakinsu ya baje, suna ture juna. Wata ta nutsa, kafin ka ƙifta ido ta dawo. A tsakaninsu karfasa ne kwance a gefe, fararen cikinsu na sheƙi, wata na ɗan motsa mashaƙa, sauran ko motsi. Ga wata kumfa mai yauƙi ta taru a kusurwoyi. Warin kuma ya sauya, ya bar na kifi ya koma wani tsami mai hawa kai.

Na ta da gidan kaf. Na ba babban yarona ƙwarya na ce ya riƙa ɗebo ruwan yana ɗagawa sama yana kwararowa. Ƙanensa na ba shi famfon keke, ya tura bakin cikin ruwa yana bugawa, kumfa ɗaya-ɗaya na fitowa abin tausayi. Ni na ɗauko muciya. Uwargida ta fito da zani a ƙirji, ta tsaya ta dube ni ina tuƙa tanki da muciyar tuwonta da ƙarfe biyun dare, ba ta ce komai ba. Ta shaƙi iskar sau ɗaya, ta juya ɗaki. Na ji ƙarar jawo kwalla daga ƙarƙashin gado, na ji an buɗe murfi. Sai shiru.

"Malam."

"Na'am."

"Mazarƙwailata hwa?"

Na ce za mu yi maganar da safe, yanzu rai ake ceto. Ta ce ran wa? Na ga ba tambayar da ke son amsa ba ce, na ci gaba da tuƙi.

Da asuba dabara ta zo mini: mai faci. Yana da injin ba taya iska, ga shi kusa da mu. Na same shi ya fito masallaci, na roƙe shi. Ya ce ba shi da mai, kuma ba a sayarwa a jarka. Na tsotso na babur ɗina da tiyo, na haɗiyi rabona. Muka turo injin a baro har tsakar gida, ya tashe shi, ya jira tukunyar ta cika, ya miƙo mini tiyon na cusa har ƙasan tanki na ce ya saki. Injin da aka yi don tayar mota bai san lallashi ba. Ruwan ya yi tsiri sama ya sauko a kaina, tarwada suka yi ta tsalle suna faɗowa ƙasa, suna jan ciki kowace ta kama gabanta, wata ƙarƙashin turmi, wata hanyar rariya. Na damƙi wata babba da hannu biyu, ta buɗe ƙayar gefenta ta soke ni a tsakanin babban yatsa da manuni. Wanda tarwada ta taɓa soka ya san ba a yin salati a hankali. Mai faci ya kashe injinsa ya zauna a bakin baro yana share hawaye.

Ba yadda na iya, na buɗe tankin na zubar da fiye da rabi, na aika a kira 'yan garuwan da na yi wa bankwana a zuci. Ruwan ya bi rariya ya kwanta a lungu, rana ta fito ta buga shi. Kafin azahar mai unguwa ya yi sallama da wasu dattawa biyu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi makaranta, aka yi addu'ar zaman lafiya. Sannan ya gyara murya.

"Malam, kai mutum ne mai mutunci, ɗiyanmu duk hannunka sunka biyo. Amma wanga wari da mutane ka ji, an ce awa na abin da ba a hwaɗi. Mun ce bari mu taho mu ji daga bakinka."

Ni da na guje wa ɗigo biyu na bodka don tsare mutunci, ga ni zaune ana tambayata ko burkutu nake dafawa. Kuma in za a bi ilmi, ba su yi nisa da gaskiya ba: sukari da ruwan ɗumi da ƙwayoyin halitta a inda ba iska, ai hanyar ke nan. Na ga in na fara wannan bayani zan ƙara tona wa kaina rami, sai na shigar da su ciki suka gani da idonsu. Ɗaya daga cikin dattawan ya daɗe yana kallon tankin, sannan ya tambaye ni a hankali ko albashin ne ba a biya ba ya taɓa ni.

Tsohon masuncin da ya ba ni karfasa ya zo da la'asar, labari ya kai masa har bakin gulbi. Ban kai ga sunan farfesa ba ya ɗaga mini hannu. Ya ce tun yana yaro ya san tafkin da aka jiƙa rama don a saɓe ɓawonta ba ya zama da kifi: ruwan ya yi baƙi, ya yi wari, kifi su taso sama da asuba suna haki, yara su kwashe da hannu, tarwada ce kawai ke saura. Ya ce duk abin da ke ruɓewa a ruwa numfashin kifi yake ci. Ya dubi gawarwakin karfasarsa a cikin kwano ya ce, "Ɗana, da ka ce mini dahuwa za ka yi, da na kawo maka manya."

Kashi na biyu na bidiyon sai daga baya na gan shi. A kwanakin nan masu neman sabis kan nemi layin Nijar, su nufi wajen iyaka ko su hau tudu su ɗaga waya sama har ta kamo. Wani ɗalibina ne ya sauko mini da shi ta haka. Ba'indiyen ya buɗe da gargaɗi, yana ɗaga yatsa: kada a zuba ko cokali guda sai injin hura iska na aiki dare da rana, da wani injin a ajiye, da batir ko janareto saboda ɗaukewar wuta, don in iska ta tsaya kifi na iya fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i. A fara da kaɗan, a raba shi kashi-kashi, a riƙa auna amoniya, a ɗebi lita guda a wani kofi mai tsini a ga yawan gudajin da ya kwanta. Shi ma Baturen mai murjani, da na koma na kalle shi, injinsa mai kumfa da famfunansa ba sa hutawa, wutar gidansu kuma ba ta ƙiftawa, ga kwalaben gwaji jere a kan teburi.

Na ɗauko takardar lissafina na ƙara layin da ya rage. Ruwa mai zafin digiri 30, ko ya ƙoshi da iska, oksijin ɗin da yake riƙewa bai wuce miligiram 7.5 a lita ba. Tankina duka ke nan giram 7.5. Su kuma bakteriya ba duk sukarin suke gina jiki da shi ba, fiye da rabi ƙona shi suke don samun ƙarfi, kuma ƙona giram guda na sukari na cin oksijin sama da giram guda. Wato giram 640 ɗin nan nawa na neman oksijin da ya haura giram 300, a tankin da ke da 7.5, ga kifaye su ma suna jiran nasu kason. 'Yan gayya sun zo, sun sha fura, sun yi aikin da aka kira su, sai dai a ɗakin da ba taga na tara su. Amma 640 ɗin daidai take, wannan ina so a rubuta.

Tarwadar da suka tsira sun daɗe ba su ci abinci ba, wasu fatarsu ta yi fari ta saɓule, sai da na riƙa tsamo ɗaya-ɗaya. Waɗanda suka jigata uwargida ta yanka tun da ransu, ta naɗe su ta soke da tsinke, ta yi banda a tsohuwar ganga. Ta aika yara da su bakin kasuwa, suka ƙare kafin magariba, don labarin kifin da aka kiwata da mazarƙwaila ya riga ya zaga gari, kowa na son ya ji ko naman na da zaƙi. Bayarabe ya sayi uku, ya aiko yaro ya ce a faɗa wa bawansa sukarin bai ji ba.

Da dare na tambaye ta kuɗin. Ta ɗauko littafin da nake rubuta makin jarrabawa, ta buɗe bangon baya inda ta sa babban yaronmu ya rubuta mata: kuɗin mazarƙwaila, ribar kunun da ba a yi ba, itacen banda, ladan yara, sabuwar muciya. Na bi lissafin sau biyu da jan biro a hannu ina neman inda zan kama ta. Bayan an cire kuɗin kifin gaba ɗaya, ni ake bi, kuma ta ce ƙarshen wata take so.